Ra'ayin Mai Shebur

Wata bakwai na yi ina gaya wa yayana ra'ayina a kan wasan hoki, alhali ban taɓa kallon wasa ɗaya daga farko har ƙarshe ba.

A gidanmu wannan laifi ne. Abba yana da doka guda, kuma bai taɓa sassauta ta ba: ba ka da bakin magana a kan abin da ba ka kai ƙarshensa ba. Idan ka ce miya ta yi gishiri, sai ya leƙa kwanonka. Idan ka ce fim bai yi daɗi ba, sai ya tambaye ka yadda aka ƙare. Yana da faifan jaz ɗari uku da 'yan kai, jere a bangon falonmu a unguwar Abbey Wood ta London, kuma cikin kwalin kowanne akwai 'yar takarda da ya rubuta hukuncinsa da fensir. Kwanan wata, sai layi biyu ko uku da Hausa. Ba ya rubutawa sai ya ji fuska biyun, yana zaune, hannu a gwiwa. Ko waya ce ta yi ƙara, sai dai ta gaji don kanta.

Ya rasu ranar wata Laraba cikin Fabrairu, aka binne shi ranar Juma'a. Yaya Affan yana Kanada, takardunsa na hannun hukuma, idan ya fito ba zai iya komawa ba. Ya kira ni muna dawowa daga maƙabarta, da laka a takalmina. Ya fara gaya mini yadda za a yi da kaza, wanda za a kira a kan kaza. Na ce, "Ba ka nan, Yaya. Ba ka da bakin magana." Na kashe wayar.

Wata takwas ba mu yi magana ba. Yana kiran Umma kowace Lahadi. Idan na ga za ta miƙo mini wayar, sai in tashi in shiga banɗaki.

Cikin Oktoba saƙon murya ya shigo. Daƙiƙa arba'in, hayaniyar jama'a a bayansa.

"Zailani, abokan aiki sun ja ni kallon hoki. Wallahi mutanen nan ba su da hankali, a kan ƙanƙara suke dambe. Amma akwai wani abu a ciki. Ka taɓa gani?"

Ƙarƙashin saƙon ya turo adireshin wani dandali inda magoya bayan ƙungiyar garinsu ke hira. Bai ambaci Abba ba. Bai ambaci abin da na faɗa masa ba. Na saurari saƙon sau goma sha ɗaya. Na san ƙofa ce ya buɗe, kuma na san ba ta da faɗi. Idan na ce ban gani ba, me zai biyo baya? Sai na ce, "Na gani."

Na gwada kallo, gaskiya. Ana yin wasannin ne lokacin da London ke barci, ni kuma ƙarfe tara nake buɗe shago. Da safe na buɗe gajeren bidiyon da ake yankowa. Mutane sanye da sulke suna shawagi da sanduna, sai ihu, sai a ce an ci. 'Yar baƙar robar da suke bugawa ban ko gan ta ba. Na rufe.

Sai na samo hanya. A jirgi, tsakanin Abbey Wood da Lewisham, ina da wajen minti ashirin da biyar. In buɗe dandalin, in ga yadda aka tashi, in karanta abin da magoya baya suka rubuta, in zaɓi ɗaya, in mayar da shi Hausa a kaina. Idan na sauka, in tsaya bayan kasuwa inda masu kifi ke zubar da ƙanƙara, in danna waya, in faɗa kamar nawa ne.

Yawancinsu ihu suke yi da rubutu. A kori koci. A sayar da gola. Alƙalin wasa makaho ne. Mutum ɗaya ne daban. Ba suna a wurinsa sai wasu haruffa da lamba, hotonsa kuma shebur ne kafe cikin dusar ƙanƙara. Na sa masa Mai Shebur. Ba ya zagi. Layi huɗu ko biyar yake yi, Turancinsa a miƙe, kuma kullum yana ganin abin da saura ba su gani ba: wanda ya gaji tun zagaye na biyu, wanda ya ba da ƙwallo mai kyau aka yaba wa wani. Maganarsa tana shiga Hausa ba tare da na matsa mata ba. Na daina duba kowa sai shi.

Yaya kuma yana amsawa kafin azahar.

"Malam Zailani, ka burge ni. Ashe kana da ido."

Wani lokacin ya yi gardama. "A'a, nan kam ban yarda ba. Yaron nan lamba goma sha tara ba gajiya ba ce, tsoro ne." Ni kuma in ce, "To, mu gani." Shi ke nan. Bai taɓa tambaya ko ina cin abinci ba, ban taɓa tambaya ko yana jin sanyi ba. Amma duk bayan kwana biyu ina jin muryarsa.

Shagon da nake aiki na Kawu Wahabu ne. Muna tura kaya Ghana da Najeriya. Ina auna kwali, in naɗe shi da salatef, in rubuta adireshi a jikin shuɗayen ganguna. Tun da na bar makaranta nake wurin. Kawu ɗan zangon Kumasi ne, Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne. Ya yi shekara goma sha huɗu yana tuƙa tasi a Bronx ta Amurka, kuma bai dawo da komai daga can ba sai ciwon baya da son besbol.

Wata safiya na shigo ta ƙofar baya, na same shi yana jirana.

"Wa kake yi wa wa'azi kullum wurin masu kifi?"

"Yayana."

"A kan me?"

"Hoki."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ka kalla?"

Na ɗauki salatef.

"Ni na san mai kallo," ya ce. "Mai kallo idonshi ja ne da safe. Kai idonka fari tas, kamar jariri."

"Ina ganin highlights, gajerun da ake yankowa."

"Highlights." Ya maimaita kalmar kamar ya ɗanɗani abin da ya lalace. "Shi ya sa nake ce muku besbol ne wasa. Wasa ɗari da sittin da biyu a shekara. Ba ka iya yi mashi ƙarya. Mutum ya zo bugu sau goma, ya faɗi sau bakwai, ana ce mashi gwani. Ka gane? Wasan mutane masu haƙuri. Yanzu ma sun sa agogo, wai mai jifa ya yi sauri. Sun ɓata shi. Sauri zuwa ina?"

"Kawu, gangar matar Peckham ba ta da lambar waya."

"Zai kawo da rana. Ba gangar ba ce maganar." Ya mayar da tabarau. "Maman ka ya sani?"

"Ba abin sani ba ne."

Bai sake tada zancen ba. Yana da wannan halin.

Da bazara ta shigo aka fara abin da suke kira playoffs. Ƙungiya biyu su yi ta karawa, duk bayan kwana biyu, har ɗaya ta ci wasa huɗu. Wadda aka cire sai Oktoba. Ban damu da kofi ba. Lissafina daban ne: idan aka cire ƙungiyar Yaya, wata biyar ba hoki. Ban san abin da za mu ce wa juna ba a wata biyar.

Sun tsallake karon farko. A na biyu aka yi biyu da biyu, sai aka doke su a wasa na biyar. Saura kashi ɗaya su tafi gida.

Ranar Alhamis ce. Jirgi a cike, ina tsaye bakin ƙofa. Na buɗe dandalin na nemi Mai Shebur. Ya rubuta a kan ɗan gaban da kowa ke yabo. Na fara mayarwa Hausa a kaina, kamar kullum.

Yana sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Amma ku dubi lamba shida. Shi ke riƙe da gidan, kuma ba mai tafa masa.

Hausar ta fito da kanta, kafin in neme ta. Ban fassara ba. Tunawa na yi.

Na wuce Lewisham ban sauka ba. Sai da na dawo da wani jirgin.

Ranar ban tura saƙo ba. Da na koma gida da yamma, na zauna a ƙasan falo gaban faifan Abba. Ba wanda ya taɓa su tun da ya rasu, sai Umma da ke goge ƙura ranar Asabar. Na fara daga hagu. In zaro kwali, in zaro takarda, in karanta, in mayar.

"Ƙaho ya yi kuka da yawa. Sau ɗaya ya isa."

"Na safiyar Asabar, kafin yara su tashi."

"Na saya don kwalin. Allah ya ƙara mini."

"Zinatu ta ce a kashe. Ta yi gaskiya."

Umma, Zinatun da yake nufi, ta fito daga kicin tana goge hannu. Ta tsaya a kaina.

"Me kake nema?"

"Takarda."

"Dukansu takarda ne."

"Ɗaya nake nema."

Ta dubi waɗanda na zaro. "Ka mayar da su yadda ka same su. Ya san wurin kowanne." Ta ji abin da ta faɗa, ta koma kicin.

A layi na uku na same ta. Kwali mai ruwan ƙasa, mutum huɗu a jiki suna tsaye bakin wata ƙofa, ɗaya rungume da bes, ƙatuwar garayar Turawa mai kaurin murya. Fensirin ya dusashe amma ana karantawa.

"Mai ganga yana sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Amma ku saurari mai bes. Shi ke riƙe da gidan, kuma ba mai tafa masa."

Ina da shekara goma sha ɗaya ranar da ya rubuta. Ya karanta mana da ƙarfi, yana jin daɗin kansa. Umma ta ce daga kicin ai tukunyar tata ce, ya zo ya sauke. Yaya ya yi dariya har ya faɗo daga hannun kujera. Mu huɗu ne a gidan. Ba wani Bature a Kanada da ya ji.

Na koma dandalin na bi rubutun Mai Shebur baya, wata bayan wata. Na farko ya zo ne mako ɗaya bayan na ce wa Yaya na gani. Na duba lokutan. Ba ɗaya da ya wuce ƙarfe bakwai na safe agogon London. Kullum yana nan kafin in shiga jirgi.

Wata bakwai ke nan Yaya yana jin maganarsa da bakina. Yana ce mini ina da ido.

Ban san ko kunya ce ko fushi ba. A wuri ɗaya suke zama, nan ƙasan haƙarƙari.

Juma'a ban tura komai ba. Asabar da safe na ga sun ci wasa na shida, an koma uku da uku. Na buɗe dandalin. Ihu ko'ina. Mai Shebur bai rubuta komai ba. Wajen azahar saƙon murya ya shigo, daƙiƙa huɗu.

"Mun ci. Ka gani?"

Tambayar nan dai. Na ajiye wayar.

Ranar Lahadi bayan ya kira Umma, ta same ni a kicin ina cin burodi a tsaye.

"Yayanka ya tambaye ni ko lafiya kake."

"Me kika ce?"

"Na ce ya tambaye ka da kansa, kana da kunne." Ta buɗe firij ta rufe, ba ta ɗauki komai ba. "Wannan wasan naku na masu sanduna, ya ƙare ne?"

"Saura ɗaya."

"In ya ƙare fa?"

Na ci gaba da cin burodina.

"Ni dai ban haifi mutum biyu don in riƙa kai saƙo tsakaninsu ba," ta ce. "Ka zauna ka ci, ba tasha ba ce nan."

Litinin da safe na kashe wayar tun kafin in fita, na sa ta can ƙasan jaka. An riga an buga wasa na bakwai ina barci. A jirgi na sunkuyar da kai don kada in ga wayar wani, ko da yake ba wanda ya damu da hoki tsakanin Abbey Wood da Lewisham.

"Kawu, abin da kake kallon besbol da shi, yana nuna hoki?"

"Yana nuna komai. Na yi subscribe na shekara."

"Ina son in kalli na jiya. Duka."

Ya tashi ya ɗauko kwamfutarsa ta hannu, ya jingina ta a kan wata ganga a bayan shago. Kafin ya buɗe, ya yanko salatef ya liƙa a saman allon, gefen dama.

"Nan suke rubuta yadda aka tashi, 'yan banza. Juya baya." Na juya. Na ji yana danne-danne. "To. Zauna."

"Ka ga sakamakon?"

"Na gani."

"Kada ka..."

"Shekara ashirin ina kallon wasan jiya. Kana koya mani?"

Na zauna a kan kwalin wani mutumin Kaduna. Na sa hannu a gwiwa, ban sani ba sai daga baya.

Zagaye uku ne, minti ashirin ashirin, amma da tsaye-tsaye ya haura awa biyu. Zagayen farko ban ga komai ba. Suna tafiya can, suna dawowa nan, suna buga juna da bango. Idona ya yi ta neman robar har ya fara ruwa. Kawu ya leƙo da shayi a hannu.

"Kana neman ƙosan?"

"Wane ƙosai?"

"Baƙin abin nan. Kamar ƙosai da ya ƙone. Kar ka neme shi. Dubi inda duka suke kallo, yana wurin."

Na gwada. Ya yi aiki.

Wata mata ta shigo da akwati biyu tana tambayar ina mai auna kaya. Na ji Kawu yana ce mata, "Yana jarrabawa, Hajiya. Kawo nan." Ya auna da kansa, da ciwon bayansa.

A zagaye na biyu na fara gane abin da Mai Shebur bai taɓa rubutawa ba, watakila don kowa ya sani. Ba wanda ke daɗewa a fili. Ko minti ɗaya ba sa yi, sai su taho benci a guje, wasu su tsallaka katanga su shiga, wasa bai tsaya ba. Kuma a ƙarshen bencin akwai wani mutum. Sanye yake da kayan gola, amma da hular hana salla maimakon kwalkwali. Golan ajiya ne. Bai buga ba. Aikinsa 'yar ƙofar benci. Idan gajiyayyu sun taho, ya buɗe, su shige, ya rufe. Ya buɗe, ya rufe. Kyamara ba ta nemansa, a gefen hoto nake tsintarsa. Da wani ya taho yana ɗingishi, ya buɗe tun kafin ya iso, ya dafa masa kafaɗa, ya rufe.

An ci ƙungiyar Yaya ɗaya. Suka rama. Saura minti shida aka sake cin su. A ƙarshe suka fitar da golansu suka ƙara ɗan gaba, ragar a buɗe, suka yi ta bugu. Ba ta shiga ba. Ƙaho ya yi ƙara.

Na zaci shi ke nan, na kai hannu zan rufe.

"Bai ƙare ba," in ji Kawu daga bakin ƙofa.

Sai na ga sun yi layi biyu a tsakiyar fili. Mutanen da suka yi mako biyu suna fasa wa juna baki. Suka bi juna ɗaya bayan ɗaya suna musabaha. Mai hular shi ne kusan na ƙarshe.

Allon ya yi baƙi. Kawu ya ɓare salatef ɗinsa.

"To, malam mai ra'ayi?"

"Ban so shi ba."

"Madalla. Yanzu kana da bakin faɗa." Ya kurɓi shayin da ya riga ya huce. "Gobe in nuna maka besbol."

"A'a, Kawu."

"Za ka zo da kanka."

Na fita ta baya. Masu kifi sun fara wanke tebura, ruwan ƙanƙara na bin kwata. Na kunna wayar. Ba saƙo. Abin da nake da shi na gaskiya shi ne ban son wasan, kuma wasan kaɗai ne tsakaninmu. Na danna.

"Yaya. Na kalla. Duka, har musabahar. Yau ne farko." Na tsaya, ban saki ba. "Ban so shi ba. Sauri ya yi yawa, ba a barin mutum ya ga abin da ya faru. Mutum ɗaya ya burge ni, golan da bai buga ba, mai buɗe ƙofa. Shi ke nan ra'ayina." Wata mota ta wuce. "Na ga takardar Abba."

Na saki. Alamar an saurara ta fito nan take. Amsa ba ta zo ba.

Ba ta zo ba har muka rufe shago. Ba ta zo a jirgi ba. Ina hawa matakalar flat ɗinmu, rana tana nan a sama kamar ba shida da rabi ba, wayar ta fara ruri. Ba saƙo ba. Kira.

Na ɗauka ina buɗe ƙofa.

"Golan ajiya," ya ce. Ko sallama babu. "Wasa na bakwai, mutum goma sha takwas sun kusa mutuwa a fili, kai ɗan dako ka gani."

"Shi na gani."

"Ba ka san komai ba, Zailani."

"Na sani."

"Sauri ya yi yawa. Ji shi. Saurin ai shi ne wasan. Kamar ka ce ruwa ya cika jiƙa."

"Ka tambayi ra'ayina."

"Wata bakwai ina tambaya."

Na zauna a hannun kujera. Na ji ƙarar mota a wajensa, da wani yana magana da Turanci. Hutun cin abinci ya fito.

"Tun yaushe ka sani?" na ce.

"Tun makon farko. Ka sato maganar wani sakarai mai zagin gola, kalma da kalma, har da inda ya yi kuskuren suna. Na ce to, idan sata za ka yi, gara ka saci mai kyau."

"Har kana gardama da ni."

"Da kaina nake yi. Ka san wahalar? In rubuta abu, in kwanta, in tashi in nemo inda ban yarda da shi ba."

Na so in yi dariya. Ba ta fito ba, amma ya ji.

"Maganar tukunya fa? Da gangan?"

"Na ga za a cire mu. Sai Oktoba ke nan." Ya rage murya. "Ba zan iya wani wata takwas ba."

Umma ta leƙo daga kicin. Ta ga waya a kunnena, ta ga fuskata. Ta koma ta rage ƙarar rediyonta.

"Abin da na faɗa maka ranar," na ce.

"Gaskiya ka faɗa. Ba na nan."

"Ba haka dokar take ba."

"Bari wannan tukuna." Ya gyara murya. "Faifan. Ka ji shi?"

"Takardar kawai na karanta."

"Allah ya shirye ka. Ɗan gidan Abba, yana yawo da hukuncin faifan da bai ji ba. Yana kusa?"

Yana nan inda na bar shi, jingine da ƙafar tebur. Na buɗe murfin na'urar. Ƙura a kan allurar, na hure. Na tuna yadda Abba ke riƙe faifai, da tafin hannu biyu, a gefe. Na ɗora. Na sa wayar a ƙasa gaban lasifika.

"Kana da lokaci?" na ce.

"Minti talatin. Zan ce layi ne a kantin abinci. Sa."

Na sauke allurar. Ƙaras-ƙaras kaɗan, sai piyano ya shigo shi kaɗai, sai bes, sai ganga. Umma ta fito ta tsaya jikin ƙofa, cokali a hannunta, ba ta ce a kashe ba. Na bi mai gangar. Yana sauri, haka ne. Amma na ji duk lokacin da mai ƙaho zai shigo, shi ne ke share masa wuri tukuna, ya ja baya.

Minti goma sha tara. Allurar ta kai tsakiya, ta fara zagaye a banza.

Na ɗauki wayar.

"Yaya."

"Ina ji."

"Abba bai yi wa mai gangar nan adalci ba."

Na ji ya ja numfashi, irin wanda yake ja idan zai fara doguwar gardama. Sai ya sauke.

"Juya faifan tukuna," ya ce.